Taurarin shuka da ranakun sa'a a ƙasar Kurfai da Tondikandiya

Wanda ya tashi daga Yamai ya nufi arewa maso gabas, da ya wuce Balleyara ya shiga Dallol Bosso, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun kafin a fara rubuta tarihi. A cikin kwarin nan da tuddan da ke gefensa ƙasar Tondikandiya ta Zabarmawa take, da babban garinta Damana. Gaba kaɗan sai Imanan ta Buzaye, sannan Filinge, kimanin kilomita 180 daga Yamai, cibiyar Kurfai, inda Hausa ce harshen gida da na kasuwa. In aka ƙara nausawa arewa, noma ya ƙare, sai kiwo.

Ruwan shekara a nan bai cika wuce milimita 400 ba, kuma cikin wata uku yake zuba ya ɗauke. Manomin da ya zuba iri bayan ruwan farko, sama ta yi shiru kwana ashirin, ya yi asarar irinsa. Wanda ya tsaya jira kuma, damina ta janye hatsinsa bai nuna ba. Saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan ƙasa ita ce "yaushe?" Yaushe za a yi shuka, yaushe za a tashi da garke, yaushe ayari zai ɗaura kaya. Tarihin yadda aka riƙa amsa ta ya fi faɗin Dallol nesa ba kusa ba, don bakinsa ɗaya yana Bagadaza, ɗayan yana Indiya.

Tun kafin littafi ya iso, mutane na da alamunsu. Gawo, wanda ya cika kwarin, yana zubar da ganye idan damina ta kawo kai, saɓanin sauran itatuwa. Shamuwa tana dawowa ta yi sheƙa a tsakiyar gari. Iska tana juyawa ta fara busowa daga kudu maso yamma. A sama kuwa akwai Kaza da 'Ya'yanta, wadda ke ɓacewa a yamma cikin zafin bazara, ta yi makonni ba a ganinta, sannan ta ɓullo a gabas kafin asuba daidai lokacin da hadari ke fara haɗuwa. Buzaye ma da ita suke auna shekararsu. Zabarmawa sun ƙara da nasu: a wata na bakwai bayan ɗaukewar ruwa, zimma, shugabannin borinsu, suna tara jama'a a yi bikin yenendi, a nemi sulhu da Dongo mai tsawa, a ji yadda damina za ta kasance. Jean Rouch ya ɗauki hoton irin wannan biki a Simiri ta Zarmaganda a 1951. Can gabas, a Massalata kusa da Birnin Ƙonni, Azna na yin arwa da buɗin daji don su karanta shekara kafin ta shigo. Duk waɗannan kalandu ne, ko da ba a rataye su a bango ba.

Abin da malamai suka kawo shi ne ƙirga. Sun raba hanyar da wata ke bi a sama gida 28, su ne manzilolin wata, suka ba kowane gida kwana 13, in ban da Jabha mai 14. Ka buga 27 sau 13, ka ƙara 14, sai ga 365 cif. Kowane yanayi ya sami taurari bakwai. A lissafin da ya fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, suna kamawa daga wajen ƙarshen watan Mayu. Tsofaffin manoma sun san halin kowanne, wanda ake shuka a cikinsa da kwanciyar hankali, wanda ruwansa ke yawa, da wanda in ya shigo ba ka yi shuka ba, to ka haƙura da hatsi ka nemi wake. Malamin da ke riƙe da lissafin ba ya bukatar ganin tauraron da idonsa. Ko hazo ya rufe sama, yana iya ce maka yau kwanan Zira'a biyar.

Watannin Hijira ba su da amfani ga wannan aiki, tun da kowace shekara suna ja baya da kwana 11, azumi ya zagaya damina da rani. Don haka aka ɗora manzilolin a kan watannin da malamai ke kira na ajami, wato tsohuwar kalandar Rumawa ta Yuliyas Kaisar, wadda manoman Magrib suka riƙe ta har yau. Ta hanyar littattafan Magrib ɗin ta ƙetaro Sahara. Mafi shahara a cikinsu shi ne Muƙni'u na Muhammad ɗan Sa'id al-Margiti, mutumin Sus ta Maroko, wanda ya rasu a 1678. An karanta shi daga Timbuktu har Borno, an kuma mayar da ilmin waƙe da Hausa don almajiri ya haddace, abin da Mervyn Hiskett ya yi nazari a kai a 1967. Akwai wata 'yar matsala da ba a cika faɗa ba. Shekarar ajami ta fi shekarar rana tsawo da minti 11, abin da ke tara kwana guda a duk shekara 128. Yau tana bayan kalandar bature da kwana 13, wato tsawon manzila guda ke nan daidai.

Amma littafin da ya koya wa malam ranar shigar Haƙa'a bai tsaya nan ba. A shafin gaba akwai wani lissafin, na sa'a da nahisa. Kwana bakwai na kowane wata an ce masu nauyi ne: 3, 5, 13, 16, 21, 24 da 25, ba a son fara tafiya ko ɗaurin aure ko tarewa a cikinsu. Larabar ƙarshen wata, musamman ta Safar, wadda ake kira Larabgana, ita ce uwar nahisa, har ana rubutu a wanke a sha don tsari. Kowace rana ta mako tana da tauraron da ke mulkinta, Lahadi rana, Litinin wata, Talata Mirrihu, Laraba Uɗaridu, Alhamis Mushtari, Juma'a Zuhura, Asabar Zuhal. Mushtari da Zuhura na alheri ne, Zuhal da Mirrihu na tsiya. Ba a bar yinin ma haka ba, an yanka shi sa'o'i, taurarin bakwai suna karɓa-karɓa bisa jerin Zuhal, Mushtari, Mirrihu, rana, Zuhura, Uɗaridu, wata. Wanda ya karɓi sa'ar farko bayan hudowar rana shi ne mai ranar. Duk wanda ya zauna ya bi jerin nan har sa'a 24 zai ga cewa sa'a ta 25 tana faɗawa kan mai ranar gobe. Daga nan jerin kwanakin mako ya fito, wanda kowa ke amfani da shi, mai duba da mai wa'azin hana duba baki ɗaya.

Haka magidanci zai zo ya durƙusa a zaure, ya ajiye ɗan abin sadaka. "Allah gafarta malam, yarinyar nan za a kai ɗakinta, a duba mana rana." Malam ya ƙirga kwanan wata, ya tambayi sunan yarinya da na mahaifiyarta, ya haɗa lambobin haruffa, wani lokaci ya share rairayi ya buga ƙasa. "Alhamis ta sama, bayan la'asar. Kada a bari ta kai Asabar."

Masu kallon finafinan Indiya, waɗanda suka cika gidajen silima na Kano da Maraɗi tun shekarun 1960, sun sha ganin wannan zama da wasu tufafin. Iyayen ango da na amarya suna zaune gaban malamin addinin Hindu, shi kuma yana buɗa wani ɗan littafi yana ƙirga da yatsu. Littafin nan shi ne Panchang, kalandar da ke ba kowace rana gaɓoɓi biyar. Akwai tithi, kwanan wata, wanda ba da fitowar rana ake auna shi ba, sai da tazarar da wata ya ba rana: duk digiri 12 tithi guda, 30 a wata, shi ya sa wani ya fi wani tsawo. Akwai vara, ranar mako, kuma abin mamaki, taurarin da ke mulkin ranakunsu su ne namu, ɗaya bayan ɗaya, Talata ta Mirrihu, Asabar ta Zuhal. Akwai nakshatra, gidajen wata, su 27 ne a wurinsu, wani lokaci su ƙara na 28. Sai yoga, da ake samu in an haɗa matsayin rana da na wata, da karana, rabin tithi.

Wani abin da mutane da yawa a Indiya ke dubawa kullum shi ne Rahu kalam. Ana raba yini daga hudowar rana zuwa faɗuwarta kashi takwas, a ba Rahu kashi ɗaya, kusan awa ɗaya da rabi, wanda ba a fara wani abin kirki a cikinsa. In rana ta fito ƙarfe 6, na Litinin yana kamawa daga 7:30 zuwa 9, na Juma'a daga 10:30 zuwa 12, na Lahadi daga 4:30 zuwa 6 na yamma. Rahu ba tauraro ba ne da ido ke gani. Mahaɗa ce tsakanin hanyar wata da ta rana, inda husufi ke aukuwa, kuma masana taurari na Larabawa sun san ta, suna kiran ta kan macijin sama, kishiyarta kuma wutsiyarsa. A gefen alheri suna da muhurta, yanki mai minti 48, guda 30 a yini da dare, wanda na tsakar rana ake ganin yana wanke aibin sauran.

Wannan kama ba dacewa kawai aka yi ba. Makon taurari bakwai daga duniyar Girkawa da Babila ya bazu, Indiya ta karɓa, ƙasashen Musulmi suka karɓa. Larabawan jahiliyya suna da nasu taurarin ruwa tun asali, amma tsara su gida 28 daidai wa daida, masana tarihi da dama na ganin akwai hannun Indiya a ciki. Abin da ba a gardama a kansa shi ne abin da ya faru a Bagadaza. Birnin kansa, a 762, sai da masu duban taurarin Halifa Mansur, Naubakht da Masha'allah, suka zaɓi sa'a aka aza tubalinsa. Bayan kamar shekara goma wani masani ya zo fadar cikin tawagar ƙasar Sindi da littafin lissafin taurari na Sanskrit, al-Fazari ya mayar da shi Larabci, aka san shi da Sindhind. Wajen 1030 al-Biruni ya rubuta littafinsa kan Indiya, ya jera gidajen watansu kusa da na Larabawa yana gwadawa. Su kansu littattafan bugun ƙasa, in suna kawo salsalar ilminsu, daga Annabi Idrisu sukan sauko kan wani da suke kira Ɗumɗum al-Hindi, kafin su iso kan Zanati na Magrib. Ko mutumin ya taɓa rayuwa ko almara ce, masu sana'ar da kansu sun yarda ta Indiya ta biyo.

Malaman shari'a ba su taɓa sakin jiki da wannan gado ba, kuma sun raba shi biyu tun da wuri. Ƙirga tafiyar rana da wata don sanin lokacin salla, alƙibla da yanayi, wannan halal ne, Alƙur'ani da kansa ya ambaci manzilolin wata a matsayin hanyar sanin shekaru da lissafi. Cewa tauraro ne ke kawo ruwa ko arziki ko mutuwa, wannan kuma hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya yi masa hukunci mai tsanani. An ruwaito cewa an tambayi Imamu Malik game da yin ƙaho ranar Asabar ko Laraba, ya nuna bai ƙi aure ko tafiya ko ƙaho a kowace rana ba. A ƙarshen ƙarni na 15, da Askiya Muhammad na Songhai ya aika wa al-Magili tambayoyinsa, masu da'awar sanin gaibu ta rairayi da taurari na cikin abin da ya kai ƙara, al-Magili kuma ya ce a tsayar da su. Zabarmawan Dallol da Songhai harshe ɗaya suke ji, don haka wannan ƙara kamar a kan ƙofar gidansu aka kai ta.

Duk da haka, babban gwanin wannan fanni a ƙarni na 18 ɗan ƙasar Hausa ne. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi karatu a gida da Borno, ya yi aikin hajji, ya zauna Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi kan hatimai masu gidajen lamba, waɗanda kowane layi nasu ke ba da jimla ɗaya, aikin da masana lissafi ke yabawa har gobe. Ya kuma rubuta Durrul Manzum kan ɗalasimai da taurari. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Malaman Azhar sun girmama shi, ba su ɗauke shi boka ba. Ina ganin wannan ya isa ya nuna cewa iyakar da ke tsakanin hisabi da duba ta fi fitowa sarai a littafin fiƙihu fiye da a zauren malam.

Masu jihadi sun so su ja layin da kyau. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albabi, ya sa masu da'awar gaibu ta zanen ƙasa da taurari cikin waɗanda suka gauraya Musulunci da abin da ba shi ba. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta gargaɗi na musamman kan nisantar masu rufa-ido da masu duban taurari. Amma Bellon nan, da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya shimfiɗa masa taswirar sama, ya riƙa nuna buruji da taurari yana kiran sunayensu da Larabci har baƙon ya yi mamaki. Bai ga wani karo tsakanin abubuwan biyu ba. A wurinsa sanin sama ilmi ne, sayar wa talaka da tsoron Laraba kuwa zamba ce.

Arewacin Dallol yana can gefen daular da masu jihadi suka kafa. A Kurfai Musulunci ya daɗe yana zaune kafaɗa da kafaɗa da bori da al'adun Azna, ƙarni na 19 kuma ƙarni ne na hare-hare tsakanin Zabarmawa, Buzayen Imanan da Tagazar, da Fulanin kudu, zamanin mayaƙa irin su Isa Korombe, wanda ya faɗi a Bumba a 1896. Mutumin da zai fita yaƙi ko ya bi ayari ta cikin irin wannan daji ba ya zaɓar wanda zai tambaya. Malam ya ba shi rana da laya, zimma ko ɗan bori ya ba shi nasa, ya haɗa duka ya ɗaura a damtse.

Faransawa sun iso a farkon ƙarni na 20 da wata kalandar da ba ta san Haƙa'a ba, ba ta san Larabgana ba. Suka kafa bariki a Filinge, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya a kan Kurfai, Karanta kuma a kan Tondikandiya. Daga nan kwamandan ne ya riƙa faɗin ranar biyan lanho, wato haraji, da ranar fita aikin tilas, ko ta faɗo tsakiyar noman farko. A 1925, a ƙauyen Shikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki suka hau kan wata mata mai suna Shibo, masu kwaikwayon soja da kwamandan, su ne Babule ko Hauka. Mabiyansu suka bijire wa sarki, Kwamandan Croccichia ya sa aka kwashe su aka kulle a Yamai. Sai 1931, fara ta cinye amfanin shekarar da ta gabata, yunwa ta kashe dubban mutane a yammacin Nijar, gwamnati kuwa ba ta fasa karɓar haraji a kan ranarsa ba. A shekarar nan aka haifi Seyni Kunce a Fandu, cikin Tondikandiya.

Farin farkon shekarun 1970 ne ya share masa hanya, ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. A shekarar aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, don ƙasashen Sahel su riƙa auna ruwa da yanayi da na'ura. Kunce soja ne mai horon Faransa, mai son lamba da rahoto, amma na kusa da shi ƙwarai shi ne Amadu Umaru Bonkano, wanda duk Nijar ta ɗauka malamin asirinsa ne. A Oktoba 1983, Kunce na Faransa wurin taro, Bonkano ya yi yunƙurin juyin mulki, abin ya ci tura, ya tsere. In ma an duba rana, to ba ta yi ba.

Kada a ce wannan halin Afirka ne. Da Mountbatten, wakilin Ingila, ya sa 15 ga Agusta 1947 ranar 'yancin Indiya, masu Panchang suka ce ranar ba ta da kyau. Aka sasanta a kan tsakar dare: ga bature 15 ta shiga, ga Bahinde kuwa, wanda yininsa ke farawa da hudowar rana, ana cikin 14. Nehru bai yarda da duba ba, amma a sa'ar ya yi jawabinsa. Abin da Indiya ta yi daga baya shi ya fi jan hankalina. A 1952 ta naɗa kwamiti ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, ya tarar da kalandu kusan 30 suna karo da juna, ya daidaita lissafin da ma'aunin zamani. Daga 1957 gwamnati da kanta take buga Panchang na ƙasa. Ba ta ce wa kowa ya yarda da sa'a ba, ta dai tabbatar cewa in an ce wata na gida kaza, to yana can.

Mu ba a yi wa manzilolinmu wannan gata ba. Lakwal ta koyar da watannin bature ta ɗauki sauran camfi. Wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma bazu cikin Nijar, ya yi wa duba da camfin ranaku dirar mikiya, a kan hujjojin da Magili da Shehu suka riga suka kafa. Sai dai a kunnen matashi duk abin da aka ambaci tauraro a ciki ya zama abin zargi, har da ƙirgar da Bello ya yi alfahari da ita. A ganina an yi asara ta baibai. Ɓangaren da ke bukatar haddar sunaye 28 da bin kwanaki shekara da shekaru shi ne ke tafiya tare da tsofaffi. Ɓangaren sa'a da nahisa kuwa bai bukatar komai sai fargaba, ita kuma ba ta ƙaranci: saurayin da zai tafi cirani Abijan ko Libiya yana iya kiran malam ta salula daga tashar Balleyara ranar kasuwar Lahadi, a faɗa masa ya hau mota yau ko ya kwana.

Tambayar shuka kuma tana nan inda take. Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma ke taruwa kafin kowace damina su fitar da hasashe, rediyo ta watsa da Hausa da Zabarmanci, amma hasashen na yanki ne, ba ya ce wa mutumin Damana ga ranar da zai ɗauki sungumi. A 1988 wani masanin cibiyar ICRISAT ta Sadore, M. V. K. Sivakumar, Ba'indiye ne shi ma, ya tsara ƙa'idar da ake amfani da ita wajen gane kamawar damina a wannan yanki: bayan 1 ga Mayu, a sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa cikin kwana 30 da ke biye. Ƙa'idar tana da kyau ga mai rubuta rahoto. Ga manomi kuwa, sharaɗinta na biyu ba ya tabbata sai wata guda bayan ranar da ya kamata ya yanke shawara. Shi ya sa da yawa suke yin binne tun ƙasa na bushe, wasu su shuka bayan ruwan farko, in ya ƙone su sake, wata shekarar har sau uku, gwargwadon irin da ya rage a rumbu.